Har Sai Mun Dawo Daga Yaban

Ni ba mace ce mai son wasa ba, duk unguwarmu ta Misfala a Makka an shaida. Yaro ba ya wucewa ta ƙofata da hula a karkace, mace ba ta shigo mini gida da dariyar banza. Rantsuwa kuwa, tun kafin mu taso daga ƙasar Katsina da ƙafa mu ratsa Sudan, na san nauyinta, kuma na sha tsayar da mata a kan hanya in yi musu faɗa a kanta. Amma yau idan na fito zuwa Harami yara na bi na suna cewa, "Hajiya Yaban, ina kwana." In waiwaya in rasa wanda zan ja wa kunne, don sunan da bakina na saye shi.

Mai gidana, mutanen unguwa na ce masa Abdulganiyyu mai tsire. Ni Malam nake ce masa, don ladabi, ba don karatu ba. A bakin hanyar da ke gangarawa Harami yake kafa tukubarsa, Larabawa na saye suna ce wa abin siriya suna lashe yatsu. Hannunsa na da daɗi. Bakinsa ne matsalar. Ya sha gaya wa baƙi cewa ya yi kokawa da kada a Kogin Nilu har kadan ya ba shi haƙuri. Ni kuwa ina cikin kwalekwalen ran nan. A kwance ya haye, idonsa a rufe, yana riƙe da gefen zanena.

Gidan da muke haya hawa biyu ne. Mu ke sama, mu da autarmu Sa'adiya, kuma rufin soron namu ne. Wanda ya san zafin Makka ya san me nake nufi. Da rana ta faɗi iska na gangarowa daga dutse, mu shimfiɗa tabarma mu yi barci kamar mutane. A ƙasa kuwa Rumasa'u ce da mijinta, a ɗakin da bangonsa ɗaya da tanderun mai burodi. Rumasa'u wanki take yi wa wani gidan attajirai. Wata shekara suka tafi da ita Ɗa'ifa shan iska, daga nan ba mu sake hutawa ba.

"A Ɗa'ifa, Yaya Fatsuma, da bargo muke kwana. Inabi kuwa sai ki miƙa hannu ta taga."

Kullum ke nan. Ko gishiri ta zo ara sai ta bi ta Ɗa'ifa.

Shekarar da aka fara rushe gidajen kusa da Harami don a faɗaɗa shi, aikin hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Rannan Malam ya shigo da wani maficin takarda da ya sayo a kantin wani Balarabe Bahadarame, ya buɗe shi a gabana.

"Fatsuma, me kika gani?"

"Hoton mutane. Fitar mini da shi daga ɗaki."

"Ki duba dai. Wannan dutsen mai farar hula, ƙanƙara ce. Waɗannan da ke zaune suna cin abinci, me ke hannunsu?"

Na leƙa da wutsiyar ido. "Tsinke."

"Akwai nama a jiki?"

"Babu."

"To kin gani." Ya zauna ya miƙe ƙafa. "Ƙasa guda, kowa da tsinke biyu a hannu, babu mai tsire ko ɗaya. Jira suke yi. Sunan ƙasar Yaban, can ake yo kwanonin nan naki da laima da yadi. Babban birninsu Usaka. Ji sunan ma, U-saƙa. Namu ne suka kafa garin. Da alhazai sun watse za mu tafi mu sha sanyi, in koya musu abin da ake yi da tsinke."

Na ce masa ya je ya wanke hannu, abinci na hucewa.

Washegari sai ga shi da baƙo har ƙofar gida. Wani ɗan gajeren alhaji ne mai tabarau da kwat, mai yawan fara'a, wanda kullum yake sayen tsire a wurinsa. Ina bayan labule ina ji. Malam na yi masa Hausa da ɗan Larabci da hannu.

"Kai mutumin Yaban ne ko?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaban," yana ɗan jan ƙarshen ta hanci.

"Garinku akwai sanyi?"

"Yaban."

"Kana da babban gida, da ɗakin baƙi?"

"Yaban."

"Za ka tafi da mu a jirginku, ni da iyali?"

"Yaban."

Malam ya juyo wajen labule. "Kin ji? Kowace magana sai ya ambaci ƙasarsa. Haka ake son mutum."

Sa'adiya, da yake a Makka aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta ce, "Abuya, wallahi wannan kamar mutanen ƙasar Jawa ne."

"Mutanen Jawa zane suke ɗaurawa. Kin ga zane a jikinsa? Ke da aka haifa jiya."

Har nan ban shiga ba. Abin da ya shigar da ni, wata safiya ce muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da Rumasa'u da Baraka da Hauwa da wasu matan maƙwabta. Bana attajiran ba su tafi da Rumasa'u ba, zafin kuma ya fito mata da ƙuraje har wuya, amma bakin na nan.

"Allah sarki Yaya Fatsuma. Shekara da shekaru a Makka, ko Ɗa'ifa ba a taɓa kai ki ba. Bana ma nan za a soye ko?"

Sai na ji wata murya ta ce, "Mu Yaban za mu." Na duba, tawa ce.

Hannuwa suka tsaya a kan gyaɗa. Baraka ta ce, "Ina ne Yaban?"

"Gaba da Ɗa'ifa. Can bargo biyu ake rufa."

"Inabi fa?" in ji Rumasa'u.

"Awaki ake ba."

Ta dube ni ta yi murmushi. "To tunda haka ne, Yaya, ai ba a bar sama a rufe ba. Mu hau mu riƙe muku, ku ajiye kayanku a ɗakinmu. Ko dai tafiyar ta baki ce?"

Na ce, "Wallahi sama taki ce, ke da rufin, har sai mun dawo daga Yaban." A gaban mata bakwai na faɗa, da wallahi a gaba, ni da nake hana mutane.

Daga ranar shiri ya kankama. Malam ya hana cin abinci da hannu a gidan, wai kada mu ba shi kunya a Usaka. Ya raba mana tsinken tsire biyu-biyu. Ranar farko shinkafa ce, muka tashi da yunwa. Rana ta biyu na yi tuwo da miyar kukar da wata alhajiya ta kawo mini tsaraba daga gida. Malam ya soki loma, ya ɗaga, ta zame ta faɗa masa cikin riga. Ya sake soka, ya kai baki da sauri, tsinken ya huda masa leɓe. Ya ce ai su ma mutanen can haka suka fara. Ni na shiga madafa na cinye nawa da hannu, na fito ina riƙe da tsinke.

Sannan ya kai bargo wurin tela aka ɗinka masa riga har ƙasa, da hula mai kunnuwa. Da azahar ya saka, ya fita nuna wa unguwa. Bai kai ƙofar gidan umda, mai unguwarmu, ba ya kife. Masu ɗiban ruwa suka juye masa garwa biyu. Da ya farfaɗo ya ga mutane a kansa, sai ya ce, "Wa ya ce ku jiƙa ni? Gaisuwar Yaban nake gwadawa. Har ƙasa suke kaiwa."

Umda ya ce, "To ka gaishe mu ya isa, Abdulganiyyu. Tashi."

Ranar tafiya unguwa ta cika ƙofarmu. Baraka ta ce a zo mata da keken ɗinki. Hauwa ta ce ita ƙanƙarar take so, ko 'yar kaɗan ce a ƙulle a gefen zane. Malam ya ce duk an gama. Rumasa'u ta riga ta hau, tana leƙowa daga rufina tana ɗaga mana hannu da maficina na kaba. Muka ɗora kaya a motar Jidda: barguna, damin tsinke, buhun yaji, da ƙaton rago da Malam ya saya don tsiren farko a Usaka. Ya ce ba zai amince da naman da bai san asalinsa ba.

Ba mu yi nisa ba ragon ya sami bakin buhun yaji. Ya ja, ya yaga, ya yi atishawa ɗaya, iskar mota ta yi sauran aikin. Akwai wasu Larabawan ƙauye a motar, da wata tsohuwa mai kaji. Kowa na hawaye, kowa na zagi, kajin ma na tari. Direba ya tsaya a Bahara, ya fito idonsa jajir ya ce ko rago ko mu. Malam ya ce masa ya yi hankali, yana magana ne da baƙon manyan Yaban. Direba ya ce to baƙon manyan Yaban ya hau can saman kaya ya rungume ragonsa. Haka muka shiga Jidda, mai gidana a kan rufin mota da rago a cinya, ni a ƙasa na rufe fuska ina istigfari.

Tashar jirgin ruwa ta cika maƙil da alhazai masu komawa gida. Zafin Jidda kuma mai ɗanko ne, kamar an shafa wa mutum koko. Malam ya hau kan wani akwati ya ƙwala kira, "Yaban!" Sai kawuna kamar ashirin suka juyo suka amsa masa da kalmar. Ya dubo ni. "Kin gani? Duk 'yan garin ne. Har sun san da zuwana."

Sa'adiya ta ce, "Ummi, duk zane ne a jikinsu."

Na ce ta rufe mini baki. Amma na gani.

Can muka hango mai tabarau a layin shiga jirgi. Shi ma yau zane ya ɗaura. Malam ya ce shigar tafiya ce. Suka rungume juna. Malam ya miƙa masa igiyar rago ya ce, "Riƙe mini wannan, ka shigar da shi, in kwaso iyali." Mutumin ya dubi rago, ya dubi Malam, ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Ya faɗi kalmarsa har sau uku. Ya kwance ƙullinsa ya ciro sabon zane mai ratsi-ratsi ya danƙa wa Malam. Malam ya ce mini, "Tun ba mu isa ba an fara tufatar da mu."

Muka jawo barguna zuwa ƙofar shiga jirgi. Wani askari ya tare mu da sanda ya ce, "Jawaz."

Malam ya ce, "La, la. Ba Jawa ba. Yaban."

"Jawaz, ya hajji."

"Na ce maka Yaban. Kurma ne?"

Sa'adiya ta ja rigarsa. "Abuya, takardar tafiya yake tambaya. Fasfo."

Mu da muka zo ƙasar nan da ƙafa, wa ya taɓa tambayarmu takarda a daji? Amma Malam bai girgiza ba. Ya sa hannu a aljihu ya zaro maficin takarda, ya buɗe shi a fuskar askari, ya nuna dutsen da yatsa. Askarin ya karɓa, ya juya shi, ya yi fifita da shi kaɗan, ya kira abokan aikinsa su zo su gani.

Ana cikin haka sai na ji an ce, "A'a, Baba Abdulganiyyu? Me ya kawo ku nan da bargo?" Idris ne, wani ɗan dako daga unguwar Nakkasa ta Makka, wanda duk shekara yake zuwa Jidda ɗaukar kayan alhazai. Tare da shi akwai 'yan dako Hausawa sun fi goma, duk sun ajiye kaya sun matso.

Malam ya ce, "Yauwa Idris. Gaya wa wannan mai sandan, Usaka za mu, ta ƙasar Yaban. Ga mai masaukina can."

Idris ya dubi jirgin, ya dubi mai tabarau. "Baba, wannan jirgin Jawa za shi. Shekara nawa ina ɗora musu kaya."

"Da bakinsa ya ce Yaban."

"Me ya ce daidai?"

Malam ya kwaikwaya, har da jan hancin. Idris ya zauna a kan wani buhu ya riƙe ciki. Da ƙyar ya iya magana. "Baba, ba Yaban ya ce ba. Ya, Bang. Da yarensu, wai eh, Yaya. Ladabi ne. In ba su ji abin da ka ce ba, shi suke faɗa don kada su ɓata maka rai."

"Ƙarya kake."

"To tsaya." Idris ya ɗaga murya wajen layin, da Hausa tsantsa. "Alhaji, wannan dattijon da ka gani, ya taɓu ko?"

Bawan Allah ya yi murmushi ya sunkuya. "Ya, Bang."

Wani ɗan dakon ya ce, "Ragon ya fi shi hankali?"

"Ya, Bang."

"Gidan mahaukata ya kamata a kai shi a ɗaure?" in ji wani, yana nuna turu da hannu.

"Ya, Bang."

Har askarin da ba ya jin Hausa sai da ya jingina da bango. Ni kuwa ina tsaye da bargo biyu a ka, gumi na bin bayana, na ɗaga ido na ga ragonmu yana hawa tsanin jirgi a natse, mai tabarau na shafa masa kai. Idris ya ce mutumin yana ta gaya wa 'yan'uwansa bai taɓa ganin karamci irin na mutanen Makka ba. A gidanmu kaf ragon nan ne kaɗai ya yi tafiya.

Labari ya riga mu isa Misfala, don ɗaya daga cikin 'yan dakon ya hau motar da ke gaban tamu. Muka tarar da unguwa a tsaye kamar ranar da muka tafi. Baraka ta ce ina keken ɗinkinta. Hauwa ta taɓa gefen zanena ta ce, "Jiƙe yake sharkaf. Ƙanƙarar tawa ce ta narke?" Ban kula kowa ba, na nufi matakala. Sai ga Rumasa'u zaune a kan ta sama.

"Sannu da hanya, Yaya Fatsuma. Kun dawo daga Yaban?"

Malam ya buɗe baki zai ce eh, na take masa ƙafa. Na ce, "Daga Jidda."

"Ayya. To ai rantsuwar ba ta ce Jidda ba."

Na je wurin Malam Hassan limamin unguwa. Ya ce in yi kaffara, Allah Mai gafara ne. Na ce to Rumasa'u fa? Ya ce kaffara tana wanke ni wurin Allah, amma ba ta sauko da mace daga bene. Ya ƙara da cewa, "Ke ce fa bara kika hana Hauwa sakat a kan rantsuwar tukunya." Na tashi na ba shi wuri.

Muka tare a ɗakin ƙasa. Mai burodi na kunna tanderu, bango na ɗaukar zafi har ba ya jinginuwa. Man shanuna ya zama ruwa a kwalba. Barguna muka jibge a lungu, ko kallonsu na yi sai in ji jiri. Malam ya koma ɗaura zanen mai ratsi, wai dama don irin wannan yanayin aka ba shi. Kowace safiya kuma Rumasa'u ta leƙo daga rufina, ta yi miƙa, ta ce, "Mutanen Yaban, an tashi lafiya? Yaya sanyin?"

Sunan ya kama kamar wutar kara. Mai kawo ruwa ya ce, "Garwa nawa za a kai Yaban?" Yara in ƙwallonsu ya faɗo ɗakin su ce ya tafi Yaban. Har yaron umda da ya zo da saƙo tsayawa ya yi a ƙofa ya ce, "Salamu alaikum, nan ne Yaban?" Sa'adiya ta yi kuka ta ce in yi magana. Malam ya ce zai kai ƙara. Na ce kowa ya yi shiru. Duk wanda ya ce Yaban, na amsa masa da kyau. Mai ruwa ma na gyara masa ranar da ya manta. Matan unguwa suka ce zafi ya taɓa Fatsuma.

Sai wata safiya matan nan bakwai suka sake haɗuwa a tsakar gida kan gyaɗa. Na naɗe tabarmata, na ɗaure kwanonina a zane, na yafa mayafin fita unguwa, na ɗora kaya a ka, na fito daga ɗakin na tsaya a gabansu.

Na ce, "Rumasa'u, jiya a ina na kwana?"

Ta dubi matan ta kashe ido. "A Yaban mana, Yaya."

Aka yi dariya. Na jira aka gama.

"Shekaranjiya fa?"

"Yaban. Ai kin zama 'yar gari."

"Baraka kin ji. Hauwa kin ji. To yanzu da kuka gan ni da kaya a ka, daga ina na fito?"

Dariyar Rumasa'u ta tsaya a rabi. Hauwa, wadda ke da tsohon haushina a kan tukunya, ita ce ma ta fara faɗa, tana toshe baki. "Daga Yaban."

Na ce, "To na dawo. Hau ki kwaso tabarmarki."

Rumasa'u ta ce ai wasa ne, ɗaki ne kawai. Baraka ta ce, "A'a, ke kika raɗa masa suna, mu muka ci goron." Aka aika wa Malam Hassan, ya aiko da cewa shi dai duk unguwar nan Yaban ɗaya ya sani, kuma a bayan tanderu take. Kafin azahar maficina na kaba ya dawo hannuna. Na bar wa Rumasa'u barguna duka, tunda ita ce mai son kwana da bargo.

Sunan ne dai bai sauka ba, kuma na daina sa ran zai sauka. Ina amsa shi daga sama, inda iska take. Malam kuwa yana nan a bakin tukubarsa yana gaya wa alhazai cewa shi ya tsara dabarar tun daga farko, kuma yana da garken tumaki a ƙasashen gabas, wani amininsa mai tabarau ke kula masa da su. Wani lokaci idan na kawo masa abinci sai ya juyo a gaban baƙi ya ce, "Ko ba haka ba, Fatsuma?"

Ni ba na ƙarya, ba na kuma tozarta miji a gaban mutane. Sai in ajiye kwanon, in sunkuyar da kai, in ce masa, "Ya, Bang."